Teburin bayan coci: yadda wata malamar lissafi ta gina rukunin matasa masu kula da na'urori a Kumasi

Duk wanda ya taɓa leƙa coci a Kumasi, ko da wajen bikin aure ne ko jana'izar maƙwabci, zai lura da wani tebur a can baya. A kansa akwai kwamfuta, da na'urar haɗa sauti mai maɓallai rututu, da wayoyi a harɗe, sai matasa biyu ko uku sun duƙufa a kai. Muddin komai na tafiya daidai, ba mai waiwayarsu. Amma da lasifika ta ƙwala ƙara, ko rubutun waƙa ya ɓace daga bango, sai ka ga jama'a duka an juyo ana hararsu. Ba albashi suke karɓa ba. Yawancinsu ɗalibai ne, ko masu koyon sana'a, ko waɗanda suka gama makaranta suna jiran aiki.

Na san wani zai ce, me ya kai malami Musulmi rubutu a kan coci? To, hukumar ilimi ba ta tambayar addininka kafin ta tura ka wurin aiki. Da na fito kwalejin horon malamai, makarantar mishan aka tura ni, kuma har yau can nake koyar da darasin kwamfuta a ƙaramar sakandare. Katanga ɗaya ce tsakanin ajina da cocin. A ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 71 cikin ɗari Kirista ne, kusan kashi 20 kuma Musulmi, irin wannan zama ba baƙon abu ba ne. Ibadarsu tasu ce, tawa tawa ce. Amma idan kwamfutarsu ta ƙi tashi, ni ake kawo wa. Ta haka na yi shekaru ina kallon yadda teburin nan ya tashi daga hannun mutum ɗaya ya koma hannun mutum goma sha huɗu, kuma na ga akwai abin da ya kamata mutanenmu na Zango su ji.

Lokacin da mabuɗi ke aljihun mutum ɗaya

Kafin 2020, wani dattijo mai gyaran rediyo ne ke riƙe da komai. Shi ya haɗa wayoyin, shi ya san wace lasifika ce ke da ciwo, mabuɗin akwatin na'urori kuma yana aljihunsa. Ba mugunta ce ta sa ya hana yara taɓawa ba. Ya taɓa ganin yadda wasu suka ƙone lasifika a dare ɗaya. Sai dai duk Lahadin da ya tafi jana'iza ƙauye, fasto da maƙogwaronsa yake wa'azi.

Sai korona ta zo. A ranar 15 ga Maris 2020 Shugaba Nana Akufo-Addo ya sanar da dakatar da taruwar jama'a, har da coci da masallaci. Daga 30 ga Maris aka kulle Akra da Kumasi na mako uku. Da aka sassauta a 5 ga Yuni, an ce kada masu ibada su wuce mutum 100, kuma kada a wuce awa ɗaya. Cocin da ya saba tara ɗaruruwa dole ya nemi hanyar kai wa'azi gida. Dattijon ya san sauti kamar yunwar cikinsa, amma Facebook bai san ta ba, ga shi shekarunsa sun sa 'ya'yansa sun hana shi fita. Watsawar farko da aka yi, waya aka jingina a kan littattafan waƙa. Hoton ya fito, muryar kuwa kamar daga cikin rijiya.

Dattawan cocin suka ɗora aikin a kan wata abokiyar aikina, malamar lissafi, wadda muke kira Madam kamar yadda ake kiran kowace malama a nan. Ranar da ta ba ni labari a ɗakin malamai, dariya ta yi ta ce: "Malam, ni fa ban san kan na'ura ba. Abin da na sani shi ne rajista da jadawali." A lokacin na ɗauka wasa take yi. Ashe da waɗannan biyun za ta gina komai.

Littafi kafin kyamara

Abu na farko da ta saya littafin rubutu ne mai bango mai kauri. Ta je gidan dattijon Asabar uku a jere, ta zauna ta ce, "Agya, ka faɗa min duk abin da hannunka ke yi tun daga buɗe ƙofa har rufewa." Yana faɗa tana rubutawa. A nan aka san cewa amfilifaya ita ake kunnawa a ƙarshe, ita kuma ake fara kashewa, don in an juya tsarin, bugun da ke fita yana iya lalata lasifika. Shekara da shekaru yana yin haka, ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili. Aka liƙa wa kowace waya takarda da suna a bakinta biyu. Aka ɗauki hoton na'urar haɗa sauti yadda ya saita ta, aka manna a bangon littafin, don in wani ya murɗa ba daidai ba a san inda za a koma.

Inda ta fi burge ni shi ne yadda ta yi da dattijon kansa. Da ta karɓi mabuɗi ta ba yara, da ta yi asarar mutumin da ya fi kowa sanin aikin, ta kuma sami mai guna-guni a cikin dattawa. Sai ta naɗa shi malamin sauti. Ba sabon yaron da zai zauna kan na'urar ranar Lahadi sai dattijon ya gwada shi ya ce ya isa. Da ya ga girmansa ya ƙaru, shi da kansa ya je kasuwa ya sa aka yanko mabuɗi uku.

Haka ta yi da shafin Facebook. Wani matashi ne ya buɗe shi da asusunsa, kuma shi kaɗai ke iya shiga. Madam ta ce ba za a ci gaba a haka ba, don ta ji labarin wani coci da shafinsa ya bi yaron da ya buɗe shi zuwa ƙasar waje, mabiya da tsofaffin bidiyo duka. Yanzu mutum uku ke da ikon shafin, ɗaya daga cikinsu sakataren coci ne. Kalmomin sirri suna cikin ambulan a ofis, kuma duk sanda wani ya bar rukunin sai an canja su, ko da lafiya aka rabu.

Jadawalin da ke tilasta hutu

Aikin ta kasa shi huɗu: sauti, majigi mai haska rubutun waƙa a bango, kyamara, da watsawa a intanet. Mutanen kuma ta raba su gida uku. Dokarta ita ce ba wanda zai zauna teburin fiye da Lahadi biyu a wata, komai ƙwarewarsa, komai son sa da aikin.

Na tambaye ta dalili, tunda ga yara masu ɗoki suna roƙon a bar su kullum. Ta ce: "Malam, wanda ke kan teburin nan ba wa'azi yake ji ba, ƙarar wa'azi yake ji. In ya yi wata shida a haka, ya zama ma'aikaci mara albashi. Rannan sai ka neme shi ka rasa, ba a tebur ba, ba a coci ba." Masu shirin jarrabawar BECE ko WASSCE kuwa, sunansu take cirewa gaba ɗaya har sai sun gama. Ta ce ba ta son wata uwa ta zo ta ce coci ya kayar mata da ɗa.

Akwai kuma batun 'yan mata. Da farko duk macen da ta shigo, majigi ake tura ta, samari su mamaye na'urar sauti da kyamara. Ba wanda ya kafa wannan doka, haka kawai aka tsinci abin. Madam ta sa a jadawali cewa kowa sai ya zagaya kujeru huɗun kafin ya zaɓi inda zai zauna. Yau wadda dattijon ya fi yarda da kunnenta yarinya ce mai koyon ɗinki.

Yadda ake koyo

Tsarin koyarwarta ya tuna min da kwaleji. A zamaninmu shekara biyu ake yi a aji, ta uku a tura ka wata makaranta ka koyar a ƙarƙashin gogaggen malami. Ita ma haka. Sabon shiga yana wata guda yana kallo da biro a hannu. Daga nan a ba shi na'ura ranar Alhamis da yamma, lokacin da mawaƙa ke gwaji, inda kuskure ba ya kunyata kowa. Sai taron addu'a na tsakiyar mako. Sai Lahadi, da babba tsaye a bayansa, wanda aka ce masa ya zuba hannu a aljihu, kada ya miƙa sai abu ya ƙwace.

Ranar Alhamis ɗin nan nakan tsaya in kalla bayan na yi La'asar. Dattijon yana da wata dabara: sai ya ce yaro ya juya baya, ya zare waya ɗaya ko ya danne wani maɓalli, sannan ya ce, "To, nemo min." Abin da yake so su riƙe shi ne sauti hanya yake bi, daga baki zuwa makirfo, zuwa waya, zuwa na'urar haɗawa, zuwa amfilifaya, zuwa lasifika. In murya ta ɓace, bin hanyar ake yi daki-daki, ba murɗe-murɗe a firgice ba. Ƙarar nan mai tsaga kunne kuma ba aljani ba ne. Makirfo ne ke jin muryar lasifika, ya mayar mata, ita kuma ta ƙara ƙarfi ta dawo masa da ita. Maganinta lasifika ta kasance gaban makirfo tana kallon jama'a, mai magana ya matso da makirfo kusa da baki, kada kuma ya dunƙule kansa da tafin hannu.

Masu majigi su ma suna da nasu ciwon kai, wanda duk mai rubuta Hausa zai gane. Waƙoƙin da Tonanci ne, wato Tuwi, mai haruffan ɛ da ɔ. In salon rubutun da aka zaɓa bai san su ba, sai su fito kamar ƙananan akwatuna a bango, daidai yadda ƙ da ɗ da ɓ ke yi mana. A nan ne na ɗan taimaka, na saka musu allon rubutu mai haruffan, muka gwada salon da ke nuna su.

Ba a faɗa ranar Lahadi

Kuskure kam ana yi. Wata Lahadi batirin makirfo ya mutu a tsakiyar wa'azi, fasto cikin fushi ya kira sunan yaron daga kan mumbari. Yaron, ɗalibina ne, ya yi mako biyu bai taka cocin ba. Madam ba ta yi magana a taro ba. Ofis ta same shi ta ce, "Papa Osofo, yaran nan kyauta suke mana aiki. In akwai laifi, ni za ka kira, ni na ɗora su." Faston mutumin kirki ne, Lahadin da ta biyo baya ya sa rukunin duka suka miƙe aka tafa musu.

Tun daga nan aka kafa al'ada. Bayan an tashi, minti goma suke zama su rubuta abin da ya faru a littafin, ba tare da sunan kowa ba, sai a rubuta abin da za a canja. Batun batir ya zama layi ɗaya a takardar duba kaya: a sa wanda aka cika da caji kafin a fara, a ajiye wani a aljihun mai sauti. Ban ƙara jin ya faru ba.

Kuɗi, data da wuta

Da kuɗi suka fara shigowa, matasan sun so a sayi babbar kyamara. Madam ta ƙi. Ta lura mai kallo a gida zai haƙura da hoto mai duhu-duhu, amma in bai ji magana ba zai kashe. Don haka ta fara da ɗan akwatin da ke ɗauko sauti kai tsaye daga na'urar haɗawa zuwa kwamfuta, sai na'urar daidaita wuta, sai mai riƙe wuta na 'yan mintoci kafin a tada janareta. Wanda ya ga zamanin dumsor ba sai an yi masa bayani ba. Manhajar watsawa kuwa OBS Studio suke amfani da ita, kyauta ce.

Lissafin data ma a allo ta yi musu, irin na malamar lissafi. In ana watsawa a kan megabit 2.5 a daƙiƙa, awa ɗaya na cin kusan gigabait 1.1, ibadar awa uku ta haura gigabait 3. A da yaran ne ke saye daga aljihunsu suna jin kunyar faɗa. Ta kai lissafin gaban dattawa, aka ware wa data da kuɗin mota da abincin rana gurbi a kasafin coci. Da Facebook ya sanar a Fabrairu 2025 cewa bidiyon kai tsaye kwana 30 kawai zai riƙa yi kafin a goge shi, sai aka ƙara wa mai watsawa aiki ɗaya: ya sauke na ranar ya ajiye a faifan ajiya kafin ya tafi gida.

Kunnen maƙwabta da mutuncin jama'a

Unguwar da cocin yake gauraye take, kuma ƙara tsohuwar rigima ce a biranen Gana. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ga unguwannin zama ita ce desibel 55 da rana, 48 da dare. Masana lafiyar kunne kuma sun ce desibel 85 awa takwas ce iyakarsa, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, wato a 100 minti goma sha biyar ke nan. Madam ta sa aka sauke lasifikar da ke kallon titi. Tana tura yaro da manhajar auna ƙara a waya ya tsaya bakin katanga, in ta yi yawa ya ɗaga hannu. Ba awo ne na ƙwararru ba, amma ya isa ya nuna an wuce gona da iri. Wasu mawaƙa sun yi ƙorafi, har yanzu ma suna yi.

Kyamara ma an gindaya mata iyaka. Ba a haska fuskar mai kuka a addu'a, ba a nuna hannun mai saka baiko, ba a tsayawa kan fuskar yara. In aka zo karanta sunayen marasa lafiya da masu neman addu'a, ana rufe sautin watsawa. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, amma Madam ba doka ta kawo musu ba. Cewa ta yi su tuna abin da mace ta faɗa a gaban 'yan cocinta, ba ta faɗa wa dangin mijinta da ke kallo a waya ba.

Masu tafiya

Babbar matsalar rukunin sa-kai ita ce mutanensa ba sa zama. Tun da aka fara babbar sakandare kyauta a 2017, yara da yawa makarantar kwana suke tafiya. Wasu jami'a, wasu hidimar ƙasa ta shekara guda, wasu Akra neman aiki. Madam ta daina ɗaukar wannan a matsayin rashi, ta sa shi cikin lissafi. Duk wanda ya san zai tafi, wata uku kafin nan ake haɗa shi da magajinsa. Ranar tafiya kuma ana ba shi takardar shaida mai hatimin coci, an rubuta abin da ya iya. Biyu daga cikinsu yanzu da aikin sauti suke ci, a jana'izar Asabar da bukukuwan aure, kuma wanda ya san Kumasi ya san wannan kasuwa ba ta mutuwa.

Ba komai ne ya warware ba. Akwai manyan coci-coci masu biyan kuɗi, kuma sun ɗauke mata ƙwararru biyu. Akwai tsofaffin hannu da suka fara jin kansu, suna yi wa sababbi kallon raini. Tambayar ko ya dace a fara biyan shugaban sauti wani abu duk wata tana gaban dattawa, an kasa yanke ta, don wasu na ganin da an biya ɗaya, sauran za su ajiye aiki. Ita kanta Madam ta fara horar da wanda zai gaje ta, ta ce shekara biyar ta isa.

Mu kuma fa?

Azumin 2020 a cikin dokar hana taro ya same mu, kuma tun daga lokacin da wuya ka sami babban masallaci a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango da ba a watsa tafsirinsa a waya. Amma ku duba yadda abin yake a yawancin wurare. Yaro ɗaya ne, da wayarsa, da datarsa, shafin ma da sunansa. Kwana talatin yana tsugune gaban malam yana kallon caji, aya ɗaya ba ta shiga kunnensa ba. In ya tafi makaranta ko ya yi fushi da kwamiti, karatun shekaru ya tafi da shi. Amfilifaya kuma tana hannun ladan ko wani dattijo da ba mai iya tambayarsa.

Bara na ɗauki matasa huɗu daga masallacinmu na kai su wurin dattijon nan wata Asabar, da izinin limaminmu da na faston. Awa biyu ya yi yana nuna musu inda ake ajiye lasifika da yadda ake naɗe waya kada ta karye a ciki. Bai karɓi ko sidi ɗaya ba. Da muka koma muka sayi namu littafin, muka sa mutum uku a kan shafin, muka raba dararen azumi tsakanin yara shida don kowa ya sami daren da zai zauna a sahu ya ji karatu kamar kowa. Kuɗin data kwamiti ya ɗauka.

Duk wannan ba ya buƙatar tallafi daga waje ko sabuwar na'ura. Yana buƙatar mutum ɗaya a kwamiti da zai ce shi ne mai kula da yaran, ya san sunayensu, ya san wanda ke da jarrabawa, ya tsaya musu in an yi kuskure. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamitin da ke son tafsirinsa ya fita lafiya, tun Rajab ko Sha'aban ya kamata ya zauna ya tambayi kansa: in yaron nan bai zo gobe ba, wa zai kunna?